Ƙurar da Ido Ba Ya Gani: Darasi a Kan Gyaran Injin Tsotsar Ƙurar Katako

Da yawa daga cikinmu in mun gama koyon aikin malanta za a aika da mu makarantun da ke da ɗakin aikin katako. Waɗansunmu kuma a gida akwai uba ko wa mai sana'ar kafinta. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta abin da na koya a kan wani inji da a ke ajiyewa a irin waɗannan ɗakuna domin ya tsotse ƙura. Ga abin da na ke so ku riƙe tun daga fari: injin nan yana iya share ƙasa tas, amma ya cika iskar ɗaki da ƙura mai cuta, in matacinsa da buhunsa ba na kirki ba ne.

ABIN DA NA GANI A GIDAN KAWU

Kawuna kafinta ne. Tun yana saurayi ya koyi sana'ar a wurin mishan, yawancin aikinsa kuwa bencin majami'a ne da teburan makaranta. Ɗakin aikinsa yana bayan gida, jikin ɗakin da yara ke kwana. Da ya sami injin zarto da injin goge katako, sai garin katako ya yi masa yawa. Don haka ya sayi injin tsotsar ƙura na gwanjo, irin wanda mutanen Turai da Amurka kan sa a ɗakunan aikinsu na gida. Ya yi murna da shi ƙwarai, gama tun daga ran nan yaran aikinsa suka huta da shara.

Wata safiya lokacin hutu na shiga gaishe shi. Hasken rana ya ratso ta taga ya faɗi daidai kan injin. Da Kawu ya kunna shi, sai buhun sama ya kumbura farat ɗaya, wani farin hayaƙi ya fito daga jikinsa ya cika hasken nan. Injin bai daina fitar da shi ba har aka kashe.

Na ce, "Kawu, dubi abin da ke fita daga buhun nan."

Ya ce, "Ai ƙura ce kawai, ɗana. Shekara talatin ina shaƙarta. Kai dai dubi ƙasa, ka ga ko ɗigo?"

Gaskiya ne, ƙasa fes ta ke. Amma da na shafa yatsa a kan taga, da kan akwatin kayan aiki, har da kan littattafan yara a ɗakin da ke kusa, sai na ga wani gari mai laushi kamar hoda. Na kuma lura Kawu yana tari da dare fiye da dā. Da na koma kwaleji sai na tambayi malaminmu na aikin hannu, na yi karatu a kan abin. Ga abin da na samo.

YADDA INJIN YA KE AIKI

Sassan injin huɗu ne. Na fari, tiyo mai faɗin inci 4, watau santimita 10, wanda a ke haɗawa da injin zarto ko na gogewa. Na biyu, fanka mai fikafikan ƙarfe, wadda injin lantarki mai ƙarfin doki 1 ko 2 ke juyawa. Na uku, wani zobe na ƙarfe mai faɗi, inda fanka ke turo iska da garin katako. Na huɗu, buhu biyu, ɗaya a ƙarƙashin zoben, ɗaya a bisansa.

Garin katako mai nauyi ya kan faɗa cikin buhun ƙasa. Iska kuwa dole ta sami mafita, sai ta fita ta ƙananan ƙofofin da ke tsakanin zaren buhun sama. Ashe buhun sama ba don tara gari a ke sa shi ba. Aikinsa tacewa ne, shi ne mataci, wanda makanikai ke kira filta.

Ku tuna da rariyar da iyayenmu mata ke tankaɗe gari da ita. Tsaki ya kan tsaya, gari mai laushi ya wuce. A wurin tuwo, abin da ya wuce shi a ke so. A wurin injin nan kuwa, abin da ya wuce shi ne mu ke shaƙa. In idon rariyar ya yi faɗi, injin ya zama mai tankaɗe ƙura yana watsa mafi laushinta a fuskar mai aiki.

GIRMAN ƘURA

Da inci ko milimita ba a iya auna ƙwayar ƙura, sai da wani ma'auni da a ke kira maikiron. In ka raba milimita ɗaya gida 1,000, ko wane gida shi ne maikiron ɗaya. Kaurin gashin kan mutum ya kai kimanin maikiron 70. Ido kuwa ba ya ganin ƙwaya ɗaya da ta gaza kimanin maikiron 40, sai in haske mai ƙarfi ya haska ta a cikin duhu, kamar yadda ya faru a ɗakin Kawu.

Girman ƙwaya shi ke nuna daɗewar da za ta yi a iska. A ɗakin da iska ba ta motsi, in aka saki ƙura daga tsayin mita ɗaya da rabi, watau daidai hancin mutum a tsaye, ga kimanin lokacin da za ta ɗauka kafin ta kai ƙasa:

Mai maikiron 100, daƙiƙa 6.
Mai maikiron 10, minti 8.
Mai maikiron 3, awa ɗaya da rabi.
Mai maikiron 1, awa 12.

Kun ga ke nan ƙurar da aka tayar da azahar tana nan a iska har bayan yara sun kwanta. Hanci ya kan tare manyan ƙwayoyi. Waɗanda suka gaza maikiron 10 su kan wuce zuwa ƙirji, waɗanda suka gaza maikiron 4 kuwa su kan kai can ƙuryar huhu, inda jini ke karɓar iska.

To, buhun da a kan sayar tare da injuna masu araha, yawancinsu na maikiron 30 ne. Ma'anarsa, ƙurar da ta gaza wannan girma tana iya wucewa. Watau buhun yana tare abin da tsintsiya ma za ta iya sharewa, yana sakin abin da ke shiga huhu.

ILLAR ƘURAR KATAKO

Kada wani ya ce katako ai itace ne, itace kuwa ba dafi ba ne. Illarsa iri uku ce.

Ta fari, ciwon fuka, wanda a asibiti a ke kira asma, da yawan atishawa, da ƙaiƙayin ido da na fata. Waɗansu itatuwanmu na Afirka ta Yamma sun yi suna wajen wannan, musamman obece, da loko wanda 'yan katako ke kira iroko. Mutum ya kan yi shekaru yana aiki da su lafiya, sa'an nan jikinsa ya ƙi su. In ya kai haka, ko ƙura kaɗan ta isa ta tayar masa da ciwon.

Ta biyu, ciwon daji na cikin hanci. A ƙasar Ingila akwai wani gari mai suna High Wycombe, wanda ya shahara da yin kujeru. A shekarar 1965 likitocin hanci da maƙogwaro na yankin suka ba da labari cewa wani irin ciwon daji, wanda da wuya a gan shi a sauran mutane, ya yi yawa a cikin masu yin kujerun nan. Binciken da aka buga a 1968 ya tabbatar da haka. A 1995 hukumar binciken ciwon daji ta duniya, wadda ke birnin Liyon a Faransa, ta sa ƙurar katako a cikin jerin abubuwan da aka tabbata suna kawo wa ɗan Adam ciwon daji. Ciwon ya kan ɗauki shekara 30 ko 40 kafin ya bayyana. Yaron da ya fara shaƙa yana ɗan shekara 14 a ajinmu, sai ya zama magidanci kāna ya ga sakamakon.

Ta uku, gobara. Ƙura mai laushi in ta gauraya da iska ta sami tartsatsi, ta kan kama wuta gaba ɗaya kamar albarushi. A 2012 masana'antun yanka katako biyu suka fashe a lardin British Columbia na ƙasar Kanada, mutum biyu suka mutu a ko wace. A watan Yuli na 2015 wata ma'aikatar niƙa garin katako ta fashe a ƙauyen Bosley a Ingila, mutum huɗu suka rasu. Ƙaramin ɗakin aiki da wuya ya fashe haka, amma buhun da ke cike da gari yana iya cin wuta a ɓoye har dare ya raba.

ƊAN LISSAFI

Ƙura nawa ce ta yi yawa? A Ingila, tun daga 2020, doka ba ta yarda ƙurar katako mai tauri ta wuce miligiram 3 a cikin ko wace mita kubik ta iskar wurin aiki ba, in aka auna tsakaitsakin awa 8. A ƙasashen Tarayyar Turai an rage zuwa miligiram 2 tun daga 2023.

A ce ɗaki yana da tsawon mita 6, faɗin mita 4, tsayin mita 3. Iskar da ke cikinsa ita ce 6 × 4 × 3, watau mita kubik 72. In muka ninka da miligiram 3, mun sami miligiram 216. Bai kai kwatan giram ɗaya ba, bai kuwa cika cokalin shayi ba. Wannan ɗan abin ya isa ya ɓata iskar ɗakin duka.

Ga wani lissafin kuma. Domin gari kada ya kwanta a cikin tiyo, sai iska ta yi gudun kimanin mita 20 a daƙiƙa. Tiyo mai faɗin santimita 10 da irin wannan gudu yana ɗaukar iska wajen mita kubik 9 a minti ɗaya. To, 72 a raba da 9 ya ba mu 8. Watau ko wane minti 8 iskar da ta kai cikin ɗakin duka tana bi ta cikin buhun nan. In mataci nagari ne, iskar tana fita da tsabta. In mugu ne, injin dama ƙura kawai ya ke yi.

GYARA NA FARI: MATACIN SAMA

Abu biyu a ke nema ga mataci, ƙanƙancin ido da yawan fili. Mutane da yawa su kan tuna da na fari su manta da na biyu. In idon mataci ya ƙanƙance amma filinsa bai ƙaru ba, iska ba za ta sami isasshiyar hanya ba, ƙarfin tsotsa ya ragu, ƙura ta tsere tun daga bakin zarto.

Hanya biyu ce. Ta fari, a sayi buhu mai kauri kamar bargo, wanda ba saƙa shi aka yi ba, danne zarensa aka yi, mai tare ƙura har zuwa maikiron 1. A nemi wanda ya fi tsohon girma, in rufin ɗaki ya ba da dama. Ta biyu, wadda ta fi, a sayi mataci mai siffar ganga, wanda aka naɗe takardarsa ninki ninki kamar matacin iskar babbar mota.

Bari mu auna su biyun. A ce buhu yana da faɗin santimita 50, tsayin mita 1. Kewayensa santimita 157 ne. Filin jikinsa mita murabba'i 1.57, in aka haɗa da na samansa ya kusa 1.8. A ce kuma ganga tana da tsayin santimita 60, da ninki 200, zurfin ko wane ninki santimita 5. Ko wane ninki fuska biyu gare shi. To, 200 × 2 × 5 ya ba mu santimita 2,000, watau mita 20. A ninka da tsayi, 20 × 0.6, mun sami mita murabba'i 12. Ganga ba ta kai buhu tsayi ba, amma ta ninka shi fili fiye da sau shida. A buhu, ko wace mita murabba'i tana ɗaukar iska mita kubik 5 a minti. A ganga kuwa ba ta kai ɗaya ba. Iska mai tafiya a hankali ba ta cusa ƙura cikin idon mataci, shi ya sa ganga ta fi tacewa, ta kuma fi daɗewa kafin ta toshe.

In za ka saya, kada ka tsaya ga kalmar "maikiron 1" kaɗai. Tambayi kashi nawa cikin ɗari ya ke tarewa a wannan girma, gama rariya ma ta kan tare ɗan gari. Akwai ma'aunin Amurka mai suna MERV, daga 1 zuwa 16. Na 15 ya dace da wannan aiki. Akwai kuma irin da a ke kira HEPA, mai tare kashi 99.97 cikin ɗari na ƙura mai maikiron 0.3, amma yana da tsada, yana kuma bukatar fanka mai ƙarfi.

Wajen ɗaurawa, a auna faɗin zoben injin tun kafin a saya. In ganga ba ta zauna daidai ba, a yanka faifan katako mai rami a tsakiya, a ɗora a kan zoben, a zauna da ganga bisansa. Ko wace mahaɗa a sa mata soso ko robar tsohon tub, a ɗaure tam. Ƙofa mai girman ƙwayar masara ta isa ta ɓata aikin mataci mai tsada, gama iska ta fi son hanya mai sauƙi.

Ga wani abin mamaki da ya kamata a sani. Fanka irin wannan ta fi jan wuta sa'ad da iska ke wucewa da yawa, ba sa'ad da ta toshe ba. Saboda haka bayan an sa sabon mataci, a kira mai gyaran lantarki ya auna wutar da injin ke ja, ya gwada da abin da aka rubuta a jikinsa. In ta wuce, injin zai yi zafi ya ƙone. Kada kuma a kunna shi ba tiyo a bakinsa.

GYARA NA BIYU: BUHUN ƘASA

A yawancin tsofaffin injuna buhun ƙasa ma na zane ne, ƙura tana fita ta jikinsa. Ranar zubarwa kuwa ta fi ko wace rana muni, gama sai an kakkaɓe shi, mai kakkaɓewa ya yi fari fat kamar ya fito daga injin niƙa.

Maganin wannan shi ne buhun leda mai kauri, wanda a ke ganin abin da ke ciki. Amfaninsa uku ne. Iska ba ta fita ta jikinsa. Kana ganin cikarsa ba sai ka buɗe ba. In ya cika kuma sai ka ɗaure bakinsa ka fitar, ba kakkaɓa. Leda marar kauri ba ta yi, gama tsinin katako zai huda ta. Ɗamarar ƙarfen da ke riƙe buhu ga zobe ita ma a sa mata soso a ƙarƙashi.

Amma fa a kula da jerin aikin. Kada a sa leda a ƙasa tun ba a sauya matacin sama ba. Dalili kuwa, a tsohon shiri buhu biyun duka suna fitar da iska. In ka toshe na ƙasa da leda, ka raba filin tacewa biyu ke nan, ƙarfin tsotsa zai faɗi. Sama tukuna, kāna ƙasa.

A zubar da gari tun buhu bai wuce kashi biyu cikin uku ba. In ya cika maƙil, iska za ta kwashi gari ta kai shi cikin mataci. Garin katako tsantsa yana da amfani wajen murhu da shimfiɗar kaji. Amma na katakon da aka jiƙa da maganin gara, ko mai fenti, ko na allon da aka haɗa da gam, kada a kai shi murhun abinci, ko wurin kaji, ko lambu.

GYARA NA UKU: DURO A GABAN INJI

Wanda ya taɓa ganin mata suna sheƙa ya san iska ta kan raba mai nauyi da marar nauyi. Haka a ke yi a nan. A sami duro mai murfi, a sa shi tsakanin injin zarto da fanka. A huda murfin wuri biyu. Tiyon da ke kawo gari ya shiga ta gefe, bakinsa a karkace, domin iska ta riƙa zagaya jikin duro kamar guguwa. Tiyon da ke zuwa fanka kuwa ya fita ta tsakiya. Gari mai nauyi zai bi bango ya gangara ƙasa, iska da ɗan abin da ya saura su wuce. Akwai na sayarwa mai siffar mazurari, wanda ya fi na gida rarrabewa.

Duro ya kan rage ƙarfin tsotsa kaɗan, saboda haka a gajarta tiyo, a rage lanƙwasa. Amma ribarsa ta fi hasararsa. Mataci zai daɗe bai toshe ba. Ƙusa ko guntun ƙarfe kuma zai faɗa cikin duro, ba zai bugi fanka ya yi tartsatsi ba.

IN BABU KUƊIN SAYEN MATACI

Na san wani zai ce, "Duk mun ji, amma ina kuɗin?" Gaskiya ne, ganga mai kyau daga waje a ke kawo ta, wani lokaci kuɗinta ya kan kusa na injin gwanjon kansa. Kada dai a kai buhun shinkafa ko atamfa wurin tela a ce an yi mataci. Wannan ruɗin kai ne.

Amma muna da wata dama wadda mutanen ƙasashen sanyi ba su da ita. Su dole su mayar da iskar cikin ɗaki, gama sun kashe kuɗi sun ɗumama ta, ba su so ta fita. Mu kuwa tagoginmu a buɗe su ke. Saboda haka a fitar da injin waje, a yi masa 'yar rumfa don ruwan sama, a huda bango tiyo ya shiga. Ko da tsohon buhu ne, ƙurar da ta tsere ba a hancin mai aiki za ta sauka ba. Sai dai a duba inda iska ke kaɗawa. Kada a juya shi wajen ɗakin kwana, ko madafa, ko tagar maƙwabci, gama ba daidai ba ne ka tsare huhunka da huhun wani.

KULA DA SHI KULLUM

1. Bayan an tashi aiki a kaɗe mataci. Waɗansu ganguna suna da hannu a sama wanda a ke juyawa. In babu, a bubbuga jikinta da tafin hannu a hankali.
2. A jira kamar minti 15 ƙura ta kwanta kafin a kwance buhun ƙasa.
3. Kada a wanke matacin takarda da ruwa. Kada kuma a matsa masa iskar famfo mai ƙarfi kusa kusa, gama za ta yaga shi.
4. Kada a tsotsi tartsatsin wasa ƙarfe ko guntun taba da injin nan.
5. Kada gari ya kwana a buhu in akwai shakkar wuta.
6. Mai goge katako da samfefa, da mai zubar da buhu, su sa takunkumi na ainihi, irin mai lamba N95 ko FFP2. Ƙyalle a hanci ba ya tare ƙura mai laushi.

GWAJI BIYU DOMIN 'YAN AJI

Gani ya kori ji. In za ku koya wa yara wannan darasi, ga gwaji biyu masu sauƙi.

Na fari, a rufe tagogi, a kunna injin na ɗan lokaci, a haska tocila mai ƙarfi a gefen mataci da wajen mahaɗai, yara suna tsaye daga bakin ƙofa. Duk inda ƙura ke fita za a gan ta tana rawa a cikin haske.

Na biyu, a sami siririn tiyo wanda a ke ganin cikinsa, a lanƙwasa shi kamar harafin U, a manna a jikin allo, a zuba ruwa mai launi zuwa rabi. Baki ɗaya a cusa shi ta ƙaramin rami a jikin zoben injin, ɗayan a bar shi a buɗe. In an kunna inji, iska za ta tura ruwan, gefe ɗaya ya sauka, ɗaya ya hau. A ja layi da alli a inda ruwan ya tsaya ran da mataci ke sabo. Duk ran da ya haura layin sosai, mataci ya fara toshewa, lokacin kaɗewa ya yi. Yara su riƙa aunawa da rula suna rubutawa ko wane mako. Sun koyi kimiyya da lissafi ke nan a aiki ɗaya.

ƘARSHEN LABARIN KAWU

Da hutu ya sāke zagayowa na kai wa Kawu lissafin nan a takarda. Ya duba ya daɗe, sa'an nan ya ce, "Ni dai nawa ya riga ya wuce, amma yaran nan fa?" Kuɗin ganga bai samu ba tukuna. Sai muka fitar da injin bayan bango, wajen gona, muka sa masa duro a gaba. Bayan wata uku ya sayi buhu mai kauri na sama, kāna muka sa leda a ƙasa. Yanzu in ka shafa yatsa a kan littattafan yara, da kyar ka ga wani abu.

Tarin Kawu ya ragu, amma bai rabu da shi ba. Likita ya ce fuka ce, ya ba shi magani, ya kuma gargaɗe shi a kan aiki da loko. Mataci yana hana sabuwar ƙura shiga, amma ba ya gyara abin da shekara talatin suka ɓata. Rigakafi ya fi magani. Yaran da za a danƙa a hannunmu ba su san wannan ba, mu ne muka sani, saboda haka alhakin yana wuyanmu. Allah ya ba mu ikon kula da su.

TAMBAYOYI

1. Mene ne aikin buhun sama, mene ne kuma na buhun ƙasa?
2. Don me ba a sa leda a ƙasa kafin a sauya matacin sama?
3. Aji yana da tsawon mita 9, faɗin mita 6, tsayin mita 3. In iyakar ƙura miligiram 2 ce a ko wace mita kubik, miligiram nawa ne iyakar ajin duka?
4. Ganga tana da ninki 150, zurfin ko wane santimita 4, tsayinta santimita 50. Nemi filinta.
5. Ka je ɗakin aikin katako mafi kusa da kai, ka rubuta abu uku da za a iya gyarawa ba tare da kashe kuɗi ba.